Yadda Haladu Ya Mayar da Matarsa a Rogo Kaɗai

Kwanakin baya a makaranta wani ɗan ajinmu ya tambaye ni aikin da nake yi kafin in dawo karatu da girmana. Na ce masa turi nake yi, wato zuba wa mutane fina-finai da karatu da waƙoƙi a memorin wayarsu. Ya yi dariya ya ce ashe wannan ma sana'a ce, ai ɗauko nan ne ka sa can. Ban ba shi amsa a lokacin ba. Ga amsar nan a rubuce, domin shi da sauran masu irin tunaninsa.

A shagon Malam Sabi'u da ke kusa da tashar Ƙaraye na koyi aikin. Shi tun zamanin kaset yake ciki, ya yi zamanin faifai, sannan memori ya zo ya same shi. Kayan aikinmu ba su da yawa: kwamfuta ɗaya, babban rumbun ajiya da duk fina-finan suke ciki, rida guda biyar da ake cusa memori a ciki, da ɗan hantsaki na zaro shi idan ya maƙale. Wata uku na yi ban taɓa kwamfutar ba. Aikina karɓar memori da kula da wane ne na wane.

Aikin farko da na ɓata na wani ladani ne daga unguwar Yola ta nan Ƙaraye. Ya kawo memorinsa a naɗe cikin takarda ya ce a cika masa da ƙira'a. A ranar kuma wani direban a-kori-kura ya kawo nasa ya ce a zuba masa kiɗan biki. Memori bai kai farcen babban yatsa ba, kuma duk kamarsu ɗaya. Washegari ladan ya dawo, ya yi sallama, suka gaisa da maigidana, ya tambayi iyali, ya tambayi gona, sannan ya ajiye wayar a kan tebur ya danna, ya bar ta tana kalangu. Direban kuwa sai bayan mako ya leƙo, ya ce tun da aka sa masa karatun nan ba a tare shi a hanya ba, kada a canja masa. Daga ranar kowane memori sai na sa shi a kwalin ashana na rubuta sunan mai shi a jiki.

Da aka bar ni na zauna gaban kwamfuta, abu na farko da Malam Sabi'u ya koya min shi ne raɗa wa fayil suna. Ya ce duk shiri mai kashi-kashi, in sa sifili a gaban lambobin farko: 01, 02, har zuwa 09. Na tambaye shi dalili. Ya ce sifili ba ya cin wuri, in sa kawai. Na ɗauka ado ne irin na tsofaffin ma'aikata, na riƙa sawa ban san amfaninsa ba.

Sai sanin mutane, wanda ya fi sanin kwamfuta wuya. Mai zuwa turi ba ya kiran sunan fim. Cewa zai yi a sa masa wanda matar ta faɗa rijiya, ko wanda Alhajin nan mai tumbi ya haukace. Manomi da damina yana son abu mai tsawo da zai kai shi mako. Matan cikin gida suna aiko da nasu a ƙulle a leda, da saƙo mai tsawon wasiƙa. Kuma sai ka san wayar kowa. Babbar waya tana cin komai, ƙaramar nan mai madannai kuwa sai ka matse mata fim ya yi sauƙi, in ba haka ba murya kawai za ta fitar, a dawo a ce ka sayar da rediyo.

Bayan Malam Sabi'u ya koma gona ya bar min shagon, wata tashar talabijin a birni ta fara nuna wani shiri mai dogon zango, kashi ɗaya duk mako. Ba zan faɗi sunansa ba, mutanenmu ma "na Haladu" suke ce masa. Da yake ba kowa ke da talabijin ko wutar kunna ta ba, washegarin kowane kashi layi ake yi a shagona.

Ga yadda labarin yake a jere, ku riƙe shi da kyau. A kashi na ɗaya Haladu, wani saurayi mai babur, ya haɗu da Ramatu. A na biyu aka ɗaura aure. Daga na uku zuwa na takwas suna zaman lafiya a ɗaki ɗaya, ta sami ciki. A na tara ta haihu, aka yi suna, aka sa wa yarinya Nana, aka rufe kashin Haladu yana riƙe da jaririya yana murmushi. A na goma sai aka tsallake shekara huɗu. Haladu ya yi kuɗi, ya sayi mota, ya tara gemu, rigima ta shiga, ya sake ta saki ɗaya. Daga nan har na ashirin da huɗu abu guda ake yi: duk Juma'a ya zo ƙofar gidan iyayenta ya ɗauki Nana, ran Lahadi ya dawo da ita, su tsaya shi da Ramatu a bakin ƙofa suna maganar maganin tari da kuɗin makaranta, suna kallon juna. Bai ce ta dawo ba, bai bar ta ta saurari wani ba. Ita ma ba ta ce ya tafi ba.

Wannan tsayuwar ƙofa ta hana Ƙaraye sakat. Wani wanzami ya daina yi wa mutane gyaran gemu irin na Haladu, ya ce ba zai taimaka wa rashin yanke shawara ba. A majalisar bakin tasha aka yi kwana biyu ana musu ko ya halatta mutum ya daɗe haka a tsaye da matar da iddarta ta cika, aka tashi a kan cewa tunda yarinyar tana tsakaninsu ana iya yi musu uzuri zuwa minti biyar. Mata kuwa jakar Nana ce ta dame su: Ramatu takan zuba kaya a goge, Haladu ya dawo da su a cukurkuɗe, wani lokaci ba takalmi ɗaya. Wani dattijo ya zo har shago, ya jira kowa ya watse, ya ce tunda ta cikin kwamfutar nan Haladu yake fitowa, in isar masa da saƙo cewa namiji ko dai ya shiga gida ko ya bar ƙofa.

A kashi na ashirin da huɗu shirin ya tsaya, suna nan a bakin ƙofa. Ba a ci gaba ba har yau, ban kuma san dalili ba. Mutane suka ce ni na ɓoye na ashirin da biyar don in tsawwala. Wasu suka ƙaurace min. A wannan shekarar ce kuma samari suka koyi tura wa juna fim daga waya zuwa waya, ba sai sun zo shago ba. Ana cikin haka wata rana wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone rumbun, aikin shekara bakwai ya tafi a ƙiftawar ido. Ita ce muguwar shekarata.

Na sayar da akuyoyi biyu na sayi wani rumbun, na tafi Kano wurin wani mai babban shago na kwafo abin da ya samu. Na Haladu yana ciki, amma mutumin ya yanke waƙar farko da rubutun da ke nuna kashi na nawa ne don ya rage nauyi, ya kuma raɗa musu suna 1, 2, 3, babu sifili. Na duba a kwamfuta na gan su a jere daidai, ɗaya zuwa ashirin da huɗu. Ban taɓa su ba.

Da na ga Ƙaraye ba za ta riƙe ni ba, sai na fara ɗaure kwamfuta a bayan babur ina zuwa Rogo ranar kasuwa. A can shirin bai yaɗu ba, kuma yawancin mutanen ƙauyukan ƙananan wayoyi ne da su. Wadda ta ba ni wurin zama ita ce Hajiya Tabawa ta Rogo Sabon Gari, mai sayen gyaɗa tana sayar da mai da ƙuli-ƙuli. Ta ba ni kusurwar rumfarta, ta bar ni ina jona kwamfuta a solarta. Sharaɗinta biyu ne: memorinta za a fara cikawa, kuma ranar da aka kama ni da algus a rumfarta, ranar zan kwashe kayana. In na rasa wannan kusurwa babu sauran inda zan kai kwamfutar, sai dai in rufe sana'ar in koma ƙwadago a gonar wani.

Na zuba wa Hajiya na Haladu gaba ɗayansa, kashi ashirin da huɗu. Kasuwa ta gaba mata goma suka zo nemansa, ta gaba kuma layi ya kai bakin masu rake. A kasuwa ta uku, ina jona waya, Hajiya ta ce min alhamdu lillahi, ta kai ƙarshe, Haladu ya mayar da matarsa har sun sake haihuwa. Na ɗauka zolaya ce. Amma yini guda ina jin mata suna maganar bikin komen Ramatu. Da na koma gida na ari ƙaramar wayar mahaifiyata na sa memori a ciki, a nan na gane amfanin sifilin Malam Sabi'u.

Ita ƙaramar waya lambar farko kawai take dubawa idan za ta jera fayil. Duk abin da ya fara da ɗaya, ɗaya ne a wurinta. Saboda haka bayan kashi na ɗaya sai ta kawo na goma har zuwa na sha tara, sannan na biyu, sannan na ashirin zuwa ashirin da huɗu, sannan ta koma na uku ta gangara zuwa na tara, ta tsaya. Mai kallo kuwa ba ya duba suna, yana gama wannan wancan zai shigo.

Ga abin da Rogo ta kalla. Haladu ya haɗu da Ramatu. Sai ga su da 'ya mai shekara huɗu suna faɗa, aka ce ai haka 'yan fim suke tsallake. Ya sake ta, aka yi ta tsayuwar ƙofa. Sai ga ɗaurin aure, aka ce daidai ne, tunda idda ta cika sai da sabon sadaki, masu fim ɗin nan sun san addini. Sai ga su kuma a bakin ƙofa, aka ce ya sake sakinta, saura igiya ɗaya. Daga nan sai ga su a ɗaki ɗaya cikin lumana, Haladu ba gemu ba mota, yana kan babur. Aka ce karayar arziki ce ta gyara shi, dama kuɗi ne suka ɓata shi. Mahaifin Ramatu, wanda ya rasu a kashi na sha biyar, ya bayyana a wurin ɗaurin aure yana raba goro, aka ce ƙaninsa ne, jini ba ya ɓuya. Abu ɗaya ne ya raba kan mutane: Nana ba ta sake fitowa ba, kuma da aka haifi jaririya sai aka sa mata Nana. Mafi yawan mata suka tsaya a kan cewa ta farin ta rasu, masu fim suka tausaya ba su nuna ba, aka mayar wa ƙanwarta sunan.

Na yi niyyar gyarawa a ɓoye. Amma in na gyara wa sababbin zuwa, gari ɗaya zai zama da Haladu biyu, kuma kowa ya san daga kwamfutar wa suka fito. Na yi kasuwa biyu ina juya abin, ina zuba wa mutane yadda yake.

Inna Kande ce ta yanke min shawarar. Manomiya ce daga Tudun Kaya, tsohuwar mai zuwa shagona a Ƙaraye, ta kalli shirin mako-mako a jerensa na gaskiya, ita ce ma ta farko da ta ce na ɓoye na ashirin da biyar. Ranar ta kawo wa Hajiya buhunan gyaɗa. Suna cikin awo Hajiya ta kawo zancen sunan jaririyar Ramatu da irin atamfar da ta ɗaura ranar kome. Inna Kande ta tsayar da kwano ta tambaya wane kome. Kafin a cika buhu ɗaya magana ta yi zafi. Inna Kande ta ce mutumin da ta bari a tsaye a bakin ƙofa ko zaure bai shiga ba. Hajiya ta ce wataƙila mutanen Tudun Kaya kuɗin rabin fim suka biya. Inna Kande ta ce su dai ba sa kallo suna gyangyaɗi. Hajiya ta rantse da Allah cewa da idonta ta ga an ɗaura, an kuma yanka rago. Awo ya tsaya, masu jiran mai suka matso, sannan su biyun suka juyo gare ni.

"Ɗan nan," in ji Hajiya, "kai ka zuba min, kai ka zuba mata. Wace ce mai gaskiya a cikinmu?"

Zan iya cewa an fito da ci gaba ne bai kai Ƙaraye ba. Amma in na faɗi haka Inna Kande za ta miƙo memorinta, ta gane tsofaffin kashin tun daga minti na farko. Na ce wa Hajiya ta yi min afuwa, Inna ce mai gaskiya, kuma laifin nawa ne. Na zazzage kwalayen ashanar da nake ajiye memori, na rubuta lamba ɗaya zuwa ashirin da huɗu a jikinsu, na jera su a kan tabarma yadda masu shirin suka yi. Sannan na sake jera su yadda wayarta ta yi, ina faɗin abin da ke cikin kowane. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gaban jama'a ba. Da na kai wurin mahaifin Ramatu, wata mata ta ce dama ita ta ce kamannin sun yi yawa.

Hajiya ta ce in nuna mata ƙarshen na gaskiya. Na kunna mata minti biyar na ƙarshe a kwamfuta. Haladu ya sauke Nana daga mota, ya miƙa jaka, ya ce sai wani makon. Ramatu ta ce Allah ya kai mu. Suka tsaya, yarinyar tana jan jaka a ƙasa. Hoton ya yi baƙi.

"Sai me?"

"Shi ke nan, Hajiya."

Na fara naɗe wayar caji a hannuna don kada kwashe kayan ya ɗauki lokaci. Sai ta tambayi matsayin rantsuwar da ta yi. Na ce abin da na karanta a littafin fiƙihu shi ne, wanda ya rantse a kan abin da ya haƙiƙance gaskiya ne babu kaffara a kansa, amma ta ƙara tambayar malami. Ta tambaya ko ke nan Nana tana raye. Na ce ƙalau take. Ta yi hamdala, ta ce har sadakar ƙosai ta yi wa yarinyar. Sannan ta tambaya ko akwai wani abu a cikin nata da ni na ƙara, ko wani da na cire. Na ce babu, kashi ashirin da huɗun nan ne dai, jeri ne kawai ya bambanta.

"To ai ba algus ka yi ba," ta ce. "Gyaɗar ɗaya ce, zubin ne daban. Ajiye wayar nan ka zauna. Amma ka ji ni da kyau: ranar da ka gyara wa mutum ɗaya a garin nan, ranar za ka ɗauki kwamfutarka."

Wata ta tambaya to yanzu ina Nana ta farin take, tunda ba ta mutu ba. Hajiya ta ce tana makarantar kwana. Aka ce to sunan jaririyar fa? Ta ce ana yi, a danginsu akwai Hauwa uku uba ɗaya. Inna Kande ta ce su yi ta zama da ƙarya. Hajiya ta ce su kuma su yi ta tsayuwa a ƙofar gida. Aka ci gaba da awo.

A nan aikin gaske ya fara, kuma shi nake so masu cewa ɗauko nan ne ka sa can su ji. Manyan wayoyi suna jera lamba daidai ko da babu sifili, kuma sun fara yawa a Rogo. Ke nan kuskuren ba zai ƙara yin kansa ba, sai na yi shi da hannuna. Na zauna yini guda na sake raɗa wa fayil ashirin da huɗu suna: na goma ya zama 02, na biyu ya zama 12, na uku ya zama 18, na tara ya zama 24. Na duba sau uku a waya iri uku, don in aka sami kuskure a cikin kuskuren, Haladu zai iya yin saki na uku, kuma wannan ko Hajiya ba za ta iya ɗinke shi ba. Na buɗe folda biyu, na rubuta wa ɗaya Ƙaraye, ɗaya Rogo. Duk wanda ya zo neman na Haladu, bayan gaisuwa sai na tambaye shi garinsu. Mutanen ƙauyukan tsakiya su ne masu wahala, sai na bi da tambayar kasuwar da suka fi ci da inda surukansu suke.

Bayan mako biyu ina shagon Ƙaraye da hantsi sai ga Inna Kande. Ta zauna a benci ta bar kowa ya riga ta. Da shagon ya zama ba kowa muka gaisa, ta tambayi mahaifiyata, ta tambayi hanyar Rogo, ta yi zancen tsadar taki. Sannan ta kwance bakin zaninta ta ciro memori ta ajiye a kan tebur, ta leƙa waje, ta rage murya.

"Sa min na Rogo. Kuma in Tabawa ta ji, kai da Allah."

Na cusa memorin a rida na ga ya cika, tsohon na Haladu ya cinye wurin. Na ce mata ba zai ɗauki biyu ba, sai an goge ɗaya.

"Goge shi," ta ce. "Tsayuwar ta isa haka. Bawan Allah ya shiga daga ciki, ƙafarsa ma ta huta."